Ma'anar “lif” a harkar mota, da abin da ba ya ɗagawa

Kalmar “lif” ta cika shafukan masu sayar da kayan mota a Facebook da TikTok, har ta kai ga tallace-tallacen rediyo, inda za a ji mai talla yana rantsuwa cewa da zarar an sa wa Hilux lif ɗinsa, ba ramin da zai ƙara taɓa gindinta. Kowa ya san cewa ana nufin kayan da ake sa wa mota domin ta ƙara tsayi daga ƙasa, don haka ba sai an tsaya a nan ba. Abin da ke ɓata rai shi ne yadda ake haɗa abubuwa uku mabambanta a kira su da suna ɗaya, a sayar da mafi arha da alkawarin da ko mafi tsada ba zai iya cikawa ba.

Na farko shi ne ɗaga bodi kawai, inda ake cusa ƙananan tubala tsakanin bodi da shasi, ta yadda gidan mota zai hau sama amma shasi da inji da duk abin da ke ƙarƙashi su zauna inda suke. Na biyu, wanda ya fi yawa a kasuwar arha, shi ne zoben alminiyum ko na roba mai tauri da ake ɗorawa a saman shokozoban gaba, a baya kuma a sa tubali tsakanin aksul da sifirin, ko a canja maratayin sifirin da wanda ya fi tsawo. Na uku shi ne cikakken canji, wato sababbin sifirin da sababbin shokozoba da aka ƙera tare domin tsayin da ake so da nauyin da motar za ta ɗauka, irin waɗanda masu ƙera kayan mota Old Man Emu da Ironman 4x4 na Ostireliya suka yi suna a kansu. Wannan na ukun ne kaɗai yake gyara yadda mota take ɗaukar gargada. Na biyun kuwa tsohon sifirin ne da tsohon shokozoba, an dai tura su ƙasa.

Babban ruɗanin yana wurin tazarar da ke tsakanin ƙasa da gindin mota, kuma Hilux ce ta fi dacewa da misali, tunda ita ce ta cika hanyoyin karkara daga Zamfara har Agadas. Tun samfurin da ya fara fita a 2004 zuwa 2005, ƙafafun gabanta kowace cin gashin kanta take yi a kan sifirin mai murɗe, amma na baya suna haɗe da aksul guda ɗaya mai ɗauke da fale-falen sifirin, kuma a tsakiyar wannan aksul ɗin ne difarenshiyal yake, wannan ƙullutun ƙarfe mai kama da tulu. Tsayinsa daga ƙasa ba ya da alaƙa da sifirin ko kaɗan, domin aksul a kan tayoyi yake zaune, sifirin kuma a samansa yake. Idan aka sa lif irin na biyu ko na uku mai inci 2, wato kusan milimita 50, bodi da shasi za su hau, bamba za ta daina sharar gangare, cikin motar zai rage dukan tudu, amma difarenshiyal na baya bai motsa ko da milimita ɗaya ba. A hanyar jar ƙasa da manyan motoci suka yi wa kwari biyu a damina suka bar tudu a tsakiya, wannan ƙullutun ne yake fara kafewa, kuma mai lif da marar lif wuri ɗaya za su tsaya suna jiran masu turi. A Land Cruiser 70, wadda take da aksul guda gaba da baya, maganar ta shafi ƙullutu biyu ne ma.

Taya ce kaɗai take ɗaga difarenshiyal, kuma lissafin ba shi da wuya. Tayar da lambar girmanta take 265/65R17, wadda Hilux da yawa suke zuwa da ita, faɗin da'irarta daga sama zuwa ƙasa ya kai kimanin milimita 776. Idan aka koma 265/70R17 zai zama kusan 803, amma tunda aksul a tsakiyar taya yake, rabin ƙarin ne kawai ake samu, wato milimita 13. Ko da an je 285/70R17 mai kusan milimita 831, abin da difarenshiyal zai samu bai wuce milimita 27 ba, kuma a lokacin ma'aunin gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da kusan kashi 7 cikin 100, inji zai ƙara wahala wajen tashi da kaya, shan mai zai ƙaru, taya kuma tana iya gogar bodi idan an murɗe sitiyari har ƙarshe. Amfanin lif na gaskiya a nan shi ne buɗe wa babbar taya wuri. Mai tallar da ya ce inci 2 na lif daidai yake da inci 2 na tazara ko dai bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, ko kuma ya leƙa ya zaɓi yin shiru.

Ga wanda aljihunsa bai da nauyi, zoben gaba ba laifi ba ne idan manufa ita ce daidaita hancin mota da bayanta, muddin bai yi kauri ba. Sai dai yana da farashin da ba a rubuta a kwali. Yana tura hannuwan ƙafar gaba ƙasa, ya rage musu sararin sauka, ya karkatar da shaf ɗin gaba, wato sandar da ke juya taya, da boljoyin na sama, wato gaɓar da ke haɗa hannu da ƙafar, fiye da yadda aka ƙera su, shi ya sa robar shaf take saurin yagewa, yashi ya shiga, a fara jin ƙas-ƙas a kwana. Da zarar an wuce milimita 50 a gaba, yawanci sai an sayi sababbin hannuwan sama kafin alaimen ya dawo daidai, kuma kuɗinsu kan haura na zoben nesa ba kusa ba. Tubalin baya shi ma yana ƙara wa aksul damar murɗe sifirin idan an taka totur a yashi, kuma ɗora tubali kan tubali, wanda wasu makanikai suke yi don a ga mota ta yi girma, ganganci ne da rayukan mutane.

A ganina, tambayar da ya kamata a fara yi ita ce nauyin da motar take ɗauka kullum, kafin a zo maganar inci. Motar da take dakon buhunan taki ko jarkokin mai, bayanta yakan zauna saboda fale-falen sun gaji, kuma tubali ba zai dawo musu da ƙarfi ba, sai dai ya ɓoye gajiyar. Ƙara falle ɗaya, ko sayen sabon sifirin da ya dace da nauyin tare da shokozoba mai tsawon da ya yi daidai da shi, ya fi duk wani zobe mai ƙyalli amfani, ko da kuwa tsayin da aka samu bai kai na talla ba. Akasin haka ma gaskiya ne, domin sifirin manyan kaya a ƙarƙashin motar da take yawo fanko zai sa ta riƙa tsalle a kan gargada har tayar baya ta rasa riƙon ƙasa.

Duk wanda aka zaɓa, nauyin motar ya koma sama, kuma mota mai tsayi ta fi saurin kifewa idan an kauce wa rami da gudu, musamman idan an lafta kaya a rufi. Bayan an gama ɗaurawa wajibi ne a yi alaimen, a ɗaga motar har tayoyin su rataya domin a tabbatar tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki, ba su miƙe sun ɗaure ba, a saita fitilun gaba don kada su riƙa kashe idon masu tahowa, sannan a sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin da aksul bayan an yi 'yan kwanaki ana hawa, domin sukan saki da zarar sababbin fale-falen sun zauna.