Hukuncin kisa a Amurka: Rariyar da ake tace mutum 12 da ita

Tun watan Afrilun 2023 da jihar Florida ta sauya dokarta, ce-ce-ku-ce kan hukuncin kisa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a Amurka. A can ba alƙali kaɗai ke yanke hukunci kan manyan laifuka ba, saɓanin yadda muka saba a kotunanmu. Ana kiran mutum 12 daga cikin jama'ar gari, da tela da malamar makaranta da direban babbar mota, su saurari shaidu su ce an aikata ko ba a aikata ba. Su ne masu taya alƙali yanke hukunci. Sabuwar dokar ta ce in 8 cikinsu suka nemi a kashe mai laifi, ya isa a ba alƙali wannan shawara. Abin da ya janyo ta kuwa shi ne shari'ar matashin da ya harbe mutum 17 a wata makarantar sakandare ta garin Parkland da ke jihar a 2018. A Oktoban 2022 mutum 9 suka nemi kisa, 3 suka ƙi, aka yi masa ɗaurin rai-da-rai. Iyayen yaran da dama suka fito kotu ransu a ɓace, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Tarihin da aka fi ambatawa sananne ne. Tsarin kiran mutanen 12 ya samo asali daga Ingila, ana danganta shi da yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, Amurka kuma ta sa shi a gyara na 6 na kundin tsarin mulkinta a 1791. A 1972 Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin kisa, a 1976 ta bari ya dawo, tare da raba shari'a gida biyu: a fara tabbatar da laifi, sannan a zauna kan hukunci. A 2002 ta ce mutanen 12 ne, ba alƙali ba, za su tabbatar da dalilan da suka sa laifi ya kai a kashe mai shi.

Amma a ganina inda gizo ke saƙar ba a nan yake ba. Yana wurin tantance waɗanda za su zauna cikin mutanen 12, tun kafin shaida ko ɗaya ya buɗe baki.

A 1960 aka yanke wa William Witherspoon hukuncin kisa a Chicago bisa kashe ɗan sanda. Dokar jihar Illinois, inda birnin yake, ta lokacin ta ba da dama a sallami duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hukuncin kisa ba. Aka yi ta tambayar waɗanda aka gayyato ɗaya bayan ɗaya. Kana da ja a kan kisa? Da mutum ya ce e, ko ma ya ɗan yi jim, sai a ce ya ɗauki hularsa ya tafi gida. Haka aka sallami mutum 47, kusan rabin waɗanda aka kira, alhali 5 ne kawai cikinsu suka ce ko da me za a zo ba za su goyi bayan kisa ba. Kuma a 1966 binciken jin ra'ayi ya nuna kashi 47 cikin 100 na Amurkawa ba sa son hukuncin, kashi 42 ne ke so.

A 1968 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisan, ta ce ba a korar mutum don kawai yana da ɗari-ɗari. Sai dai hukuncin ya bar ƙofa ɗaya a wani ɗan bayani na ƙasan shafi: wanda ya fito fili ya ce ba zai taɓa amincewa da kisa ba, ana iya sallamarsa. Wannan ɗan bayanin shi ya zama tushen abin da ake yi har yau. A 1985, a ƙarar wani fursuna mai suna Witt, ma'aunin ya faɗaɗa, ya zama ya isa a ga ra'ayin mutum zai iya hana shi aikinsa yadda ya kamata. A 1986 wani fursuna daga Arkansas, Ardia McCree, ya kawo bincike-binciken da ke nuna cewa mutanen da aka tace ta wannan hanya sun fi saurin gaskata mai gabatar da ƙara tun a matakin tabbatar da laifi. Hukuncin ya ce ko da an ɗauka haka ne, tsarin mulki bai hana ba.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: wanda ya rantse zai bi doka ba zai shigo da hukuncinsa a aljihu ba. Amma rariyar ba ta tace kowa daidai. Binciken ra'ayi ya daɗe yana nuna baƙaƙen fata da mata sun fi ƙyamar hukuncin kisa, don haka su ne suka fi komawa gida.

Yau Florida na cewa 8, Alabama na cewa 10, yawancin jihohin da ke da hukuncin na cewa sai 12 sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Mutum 3 ɗin nan na shari'ar Parkland da aka sauya doka saboda su, su ma sun bi ta wannan rariya, sun shaida wa kotu cewa za su iya amincewa da kisa, sannan aka bar su suka zauna.