Tayoyin Manyan Motoci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Farashi, Inganci da Daɗewa

Bayan man dizal, babu abin da yake cin kuɗin mai tirela ko tanka ko tifa kamar taya. Tirela mai ƙafa 22, wato goma a kai da sha biyu a bodi, idan aka tashi sauya mata tayoyi gaba ɗaya sai an yi maganar miliyoyin naira. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo tsakanin masu motoci da direbobi da masu faci a wuraren da manyan motoci ke yada zango a jihar Kaduna, irin su Mararrabar Jos da Tafa da Kakuri.

Me ya sa tayoyi biyu masu girma ɗaya suke bambanta a farashi, har wata ta ninka wata?

Dalili na farko shi ne abin da aka zuba a cikin tayar, wanda ido ba ya gani. Tayar babbar mota ta zamani tana da gangar jiki ta wayoyin ƙarfe da suka tashi daga baki zuwa baki, sannan da wasu ɗamaru na waya a ƙarƙashin zanen da ke taka ƙasa. Ingancin wayar, da yadda aka haɗa roba da sinadaran da ke hana ta saurin ɗaukar zafi, da kaurin zanen, su ne suke raba taya da taya. Kamfanoni irin su Michelin na Faransa da Bridgestone na Japan da Continental na Jamus da Goodyear na Amurka suna saman jeri wajen tsada. A ƙasa da su akwai irin su Hankook na Koriya ta Kudu da tayoyin Indiya kamar MRF da Apollo da CEAT, sai kuma tayoyin China da suka cika kasuwarmu, irin su Triangle da Double Coin da Westlake da Linglong da Aeolus.

Dalili na biyu shi ne canji. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, don haka tayoyin da manyan motocinmu ke takawa daga waje ake shigo da su da dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, aka bar kasuwa ta tsayar da darajarta, farashin da dila ya faɗa yau ba lallai ne ya kai wata mai zuwa ba. A kan wannan kuma sai a ɗora kuɗin fito da na ɗauko kayan daga tashar ruwa zuwa Kaduna.

To ta yaya mutum zai kwatanta su ba tare da ya cuci kansa ba?

Hanya ɗaya ce mai gaskiya: a raba kuɗin tayar da yawan kilomitar da ta yi kafin a cire ta. Farashin da aka biya a shago rabin labari ne kawai. Bari a yi misali da lambobin da aka zaɓa don sauƙin lissafi, ba farashin kasuwa ba. A ɗauka taya ta farko naira 250,000 ce, ta yi kilomita 50,000 ta suɗe, kowace kilomita ta ci naira 5 ke nan. Ta biyu kuma naira 450,000, amma ta kai kilomita 120,000, wato kowace kilomita ta ci naira 3 da kwabo 75. Wanda ya sayi ta farko ya fita daga shago yana ganin ya rage wa kansa naira 200,000, alhali a kan hanya shi ne ya fi biya. Amma idan mai tsadar ta haɗu da ƙarfe ko bakin rami ta tsage a gefe tun tana kilomita 30,000, lissafin ya juye, domin kowace kilomita ta koma naira 15.

Abin takaici shi ne mafi yawan masu motoci ba sa iya yin wannan lissafi, saboda ba a rubuta komai. Ana sa taya, ana cire taya, ana musanya ta daga wannan mota zuwa waccan, kuma mitar kilomita ta motoci da dama ta daɗe da mutuwa. Idan aka tambayi mai mota wace taya ce ta fi, sai ya ba da amsa daga abin da direba ya faɗa masa ko abin da dila ya yaba. Maganin ba shi da tsada: littafi guda a kowace mota, a rubuta sunan tayar da lambarta da ranar da aka ɗaura ta da ƙafar da aka sa ta da ranar da aka cire ta da dalilin cirewar. Inda mita ba ta aiki, a ƙirga sawu, tunda an san tsawon hanyar. Kaduna zuwa Kano, alal misali, kimanin kilomita 230 ce. Cikin shekara guda littafin zai nuna abin da babu dilan da zai iya faɗa.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a wannan lissafi, amma aljihu yana jin sa. Tayar da ta fashe a dajin da ke tsakanin Kaduna da Birnin Gwari, ko cikin dare a hanyar Abuja, takan jawo asarar yini, da lalacewar tayar da ke kusa da ita, da ɓacin ran mai kaya, ban da hatsarin tsayawa a inda bai kamata a tsaya ba. Mai ɗauko tumatir ko shanu ya fi kowa sanin abin da jinkirin awa goma yake nufi.

Shin gaskiya ne cewa duk tayar China ba ta da ƙarko?

Ba gaskiya ba ne. Manyan kamfanonin China suna da masana'antu na zamani kuma suna sayar da tayoyinsu a ƙasashe masu tsananin dokar inganci. Matsalar tana wajen tayoyin da ba a san asalinsu ba, masu sunayen da ke ɓullowa yau su ɓace gobe, da kuma jabu da ake buga wa sunan sanannen kamfani. A ganina, ga motar da ke bin hanya mai ramuka da tsakuwa, inda taya ta fi mutuwa ta hanyar yanka da tsagewa tun kafin zanenta ya ƙare, tayar China mai suna da aka saya a hannun dilan da aka sani takan fi dacewa da aljihu. Ga motar da ke doguwar tafiya a kan kwalta mai kyau da lodi daidai kima, a nan ne taya mai tsada take samun damar biyan kuɗinta.

Wane rubutu ne a gefen taya ya kamata mai saye ya iya karantawa?

A ɗauki taya mai rubutun 315/80R22.5 156/150L. Lamba 315 faɗin tayar ne a milimita, 80 na nufin tsayin gefenta kashi 80 cikin 100 ne na faɗin, harafin R na nuna ƙirar waya ce ta zamani, 22.5 kuma girman rim ne a inci. Abin da ya fi muhimmanci, kuma aka fi tsallakewa, shi ne 156/150. Lamba 156 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 4,000 idan ita kaɗai ce a gefe, kamar a ƙafar gaba, 150 kuma na nufin kowace ɗaya tana ɗaukar kilo 3,350 idan an haɗa su biyu. Harafin L yana nuna iyakar gudu, kilomita 120 a awa. K kuwa 110 ne, M kuma 130. Tayar bodi mai faɗi, 385/65R22.5, wadda ake sa guda ɗaya a maimakon biyu, yawanci tana ɗauke da lamba 160, wato kilo 4,500.

Sai kuma ranar ƙira. A ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya mai 1524 an ƙera ta a mako na 15 na shekarar 2024. Idan aka ga wurin an kankare shi ko an sake buga shi, a bar tayar komai arhar ta.

Za a iya sa kowace taya a kowace ƙafa?

Za ta shiga, amma ba za ta daɗe ba. Tayar gaba tana da zane mai layuka a tsaye domin ta riƙe sitiyari ta kuma kore ruwa. Tayar ƙafafun da injin ke juyawa tana da zane mai gunduwa-gunduwa domin ta kama ƙasa. Tayar bodi an yi ta ne don ɗaukar nauyi da jure gurzar da take sha a kwana. Haka kuma tifar da ke shiga kwari ɗebo yashi ko dutse tana buƙatar taya mai roba mai jure yanka, wadda idan aka ɗora ta a doguwar tafiya da gudu za ta yi zafi fiye da kima. Kwatanta farashin tayoyin da ba aiki ɗaya aka yi su dominsa ba ɓata lokaci ne.

Me ke kashe taya kafin lokacinta?

Zafi ne, kuma abubuwa uku ne suke haifar da shi: ƙarancin iska, lodin da ya wuce kima, da gudu. Tayar da iskarta ta gaza takan riƙa lanƙwasa a gefe a kowane juyi, wayoyin ciki suna gajiya, roba tana rabuwa da su a hankali, har ranar da zanen zai ɓalle gaba ɗaya. Ɓallayen roba da ake gani zube a gefen hanyar Zariya galibi daga nan suke. Tayar 315/80R22.5 da ke ɗauke da cikakken lodi tana son iska wajen 120 zuwa 130 a gejin da masu faci ke amfani da shi, kuma ainihin adadin yana rubuce a gefenta. Bugun taya da ƙarfe da yaron mota ke yi yana gano wadda ta sace gaba ɗaya ne kawai, ba ya gano wadda ta rage kaɗan. A auna da geji da safe kafin mota ta motsa. Al'adar nan ta rage wa taya iska da rana tsaka don kada ta fashe kuskure ce babba: iskar tayar da ta yi tafiya dole ta ƙaru, kuma kamfani ya yi lissafin hakan, wanda ya rage ta kuwa ya ƙara wa tayar zafin da yake gudu.

Game da lodi, lissafin a bayyane yake. Buhun siminti 600 tan 30 ne, buhu 900 kuma tan 45. Ƙafa ɗaya mai tayoyi huɗu masu lamba 150 iyakarta kilo 13,400, kuma wannan iyaka ba ta sauyawa don an biya tayar da tsada. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙuna, motar da aka danƙara wa kaya kuma ake gudu da ita tana cinye tayoyinta ko da wane suna ne a jikinsu.

Sauran masu laifin su ne karkacewar ƙafa, da sifirin da ya gaji, da birkin da ke kamawa. Idan aka ga tayar gaba tana cinyewa ta gefe ɗaya, a kai motar a daidaita ƙafafunta kafin a ɗaura sabuwa. Haka nan haɗa sabuwar taya da tsohuwa a gefe ɗaya yana sa mai tsayin ta ɗauki nauyin duka, gajerar kuma ta riƙa gurzar ƙasa, sai a yi asarar su biyun.

Tayar gwanjo fa, da wadda aka sake wa zane?

Nan ne karin maganar da ke cewa araha ba ta ado ta fi zama daidai. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su, ban da manyan da ake kawowa domin masana'antar sake zane, amma duk da haka suna nan a kasuwa. Mai sayen gwanjo bai san shekarun da tayar ta yi tana aiki ba, bai san ko an taɓa tafiya da ita babu iska ba, kuma sau da yawa ana cusa wata cikin wata wajen ɗauko su, abin da ke lalata bakin tayar.

Ya kamata a bambanta abu biyu. Sake ɗora sabon zane a masana'anta, bayan an duba gangar jikin tayar an tabbatar da lafiyarta, sana'a ce da ake yi a duniya, kuma ita ce ɗaya daga cikin dalilan da suka sa taya mai tsada take biyan kuɗinta, domin gangar jikinta takan kai ga zane na biyu. Amma yanka sabon zane da wuƙa mai zafi a kan suɗaɗɗiyar taya a bakin hanya wani abu ne daban. Wasu tayoyin an ƙera su da ƙarin roba domin haka, kuma kamfani yana rubuta hakan a gefensu. Wadda ba ta da wannan rubutu, wuƙar kan kai ga waya, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Ko wace iri ce, bai kamata ta hau ƙafar gaba ba, domin fashewar tayar gaba tana ƙwace sitiyari daga hannun direba.

Shekara nawa taya take yi?

Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, kuma da wannan ma'auni jami'anta suke dubawa a hanya. Wasu kamfanonin suna ba da wa'adi mafi tsawo idan ana duba tayar a kai a kai. Ga motar da ke aiki kullum, zane yakan ƙare tun kafin wannan lokaci, don haka amfanin ranar ƙira yana wajen saye ne: tayar da ta shekara biyu a sito ta riga ta cinye rabin wa'adinta, kuma bai dace a biya ta farashin wadda aka ƙera bana ba.

Mai mota ɗaya da jarinsa bai kai ya sayi masu tsada duka ba, yaya zai yi?

Ya fara da ƙafar gaba. Tayoyi biyun nan su zama sababbi, iri ɗaya, mafi kyawun da aljihunsa zai iya, kuma a cire su tun zanensu yana da saura, wajen milimita 3 zuwa 4, a mayar da su bodi su ƙarasa rayuwarsu a can. A ƙafafun da injin ke juyawa ya sa tayoyi masu matsakaicin farashi daga kamfanin da aka sani, yana sayen su bibbiyu domin tsayinsu ya zo ɗaya. Ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowace taya, domin ita ce hujjarsa idan tayar ta kumbura cikin makonnin farko, kuma ita ce ke hana a musanya masa sabuwa da tsohuwa a hanya. Sannan ya sayi gejin iska mai kyau ya damƙa wa direba, ya kuma sa a riƙa rubuta awon kowace ƙafa a littafin motar kafin a tashi daga gareji.