Aikin kwamfuta a kan satin: yadda ake hana yadi tattarewa

Na daɗe ina aikin kwamfuta, wato ɗinkin ado da keke mai kwamfuta ke yi a jikin yadi, a Fagge a kan shadda da yadin maza kafin mata su fara kawo mini satin: rigar kamu, dogon mayafi, zanen gado da rigunan filo na jeren amarya. Shadda tana da jiki, in ka ɗaure ta a firem, zoben da ke riƙe yadi a kan keke, ta zauna ke nan. Satin sai da lallami. Ga tambayoyin da yaran shago da abokan sana'a da masu kawo ɗinki suka fi yi mini, musamman a kan babban aiki wanda firem ɗaya ba ya ɗauka.

Me ya sa satin yake tattarewa a gefen aiki, alhali shadda ba ta cika yin haka ba?

Satin sunan saƙa ne, ba sunan zare ba. A saƙar gama-gari, zaren tsaye yana hawa kan na kwance ɗaya ya bi ta ƙarƙashin ɗaya, kowane zare a riƙe yake gam. A satin kuwa zare yana tsallake huɗu, a wani ma bakwai, kafin ya nutsa ƙarƙashin ɗaya. Waɗannan dogayen zaruruwa da ke kwance a sama su ke ba shi sheƙin nan mai ɗaukar ido, su ne kuma suke sa shi sulɓi da rashin tsayuwa. Sunan ma daga nesa ya taso, daga Zaitun, yadda Larabawa ke kiran birnin Quanzhou na bakin tekun ƙasar Sin, wanda Ibn Batuta ya ziyarta a ƙarni na 14 har ya ambaci yadukansa. Nasu na siliki ne. Mafi yawan wanda muke saya a Kantin Kwari yau na roba ne, wato foliyesta.

Duk sukan da allura ta yi, zare yana ɗan jawo yadi zuwa ciki. Suka ɗaya ba komai ba ne. Amma furen da ke da suka dubu 40, ja dubu 40 ke nan a kan yadin da ba shi da ƙarfin turjewa. Shi ya sa dole a samu wani abu a ƙasa da zai ɗauki wannan jan a madadinsa.

Wace irin shimfiɗa ya kamata a sa a ƙasa?

Akwai ta yagewa, akwai ta yankewa da almakashi, akwai mai narkewa a ruwa. Ta yagewa ita ce ta fi yawa a shagunanmu don ta fi sauri da sauƙin kuɗi, kuma a kan shadda tana isa. A kan satin mai babban aiki ba na yarda da ita ita kaɗai. Allura tana huda ta wuri ɗaya sau da yawa, kafin a kai rabin zane ta riga ta tsage a layin ɗinki, sauran aikin kuma ya koma wuyan yadi. In an zo yage ta ma, jan da ake yi yana gurɓata saƙar.

Abin da na fi so shi ne hawa biyu. Na farko, siririyar shimfiɗa mai kama da raga, mai gam a fuska ɗaya, a manna ta a bayan yadin da dutsen guga mara zafi sosai. Ita ce ke kashe sulɓin, ta mayar da satin yadi mai tsayuwa. Na biyu, ta yankewa mai matsakaicin kauri, wadda za ta shiga firem. Bayan an gama a rage ta da almakashi, a bar kamar rabin santimita a kewayen aikin. In yadin fari ne ko ruwan madara, a ɗaga shi a haske tun kafin a fara, a ga ko inuwar shimfiɗar tana fitowa ta gaba. In tana fitowa, a yi ragar hawa biyu, a gicciya su.

Mai narkewa a ruwa kuwa sai in an tabbatar yadin yana jure wanki. Wani satin ɗin, ɗigon ruwa kaɗai yana bar masa tambari.

Mu da muka saba sa jarida fa?

Na gani, har da takardar buhu. Jarida tana dakushe allura, burbushinta yana taruwa wajen kwarkwaro, inda zaren ƙasa yake, tawadarta kuma tana iya kama yadi mai haske. Wanki ɗaya ta narke, aikin ya rasa abin da ke riƙe da shi. Kuɗin shimfiɗa bai kai kuɗin yadi ɗaya na satin ɗin amarya ba.

Ba cewa aka yi a ɗaure yadi a firem ya yi tauri kamar fatar ganga ba?

Shimfiɗa ce za ta yi tauri kamar ganga, ba satin ba. A nan aka fi yin ɓarna, kuma ni ma a nan na taɓa yin tawa.

Wata Hajiya ta kawo zanen gado ruwan zuma na jeren 'yarta, da manyan furanni a tsakiya da kusurwa huɗu. Na ɗaure shi, na bi gefe-gefe ina ja har ya miƙe sumul, ba ko layi ɗaya. A kan keke aikin ya fito kamar a lasa. Da na kwance firem, yadin da na miƙar da ƙarfi ya nemi komawa yadda yake, ɗinki kuma ya riƙe shi a miƙe, sai kewayen kowane fure ya tattare kamar ƙugun wando an ja mazagi. Ga kuma sawun firem zagaye, inda matsi ya kwantar da zaren sama. Ta ɗaga shi ta duba gaba da baya, ta ce, "Malam, haka zan shimfiɗa wa yarinya a ɗakinta?" Ban da amsa. Na koma Kwari na sayi wani yadin da kuɗina, na yi kwana biyu ina sake aikin.

Tun daga ranar, shimfiɗa kaɗai nake ɗaurewa a firem. Sai in fesa mata gam na wucin gadi kaɗan, nesa da keke, kuma a kanta ake fesawa ba a kan yadi ba. In kwantar da satin a kai, in shafe shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, ba ja. Daga nan keke ya yi dogon ɗinkin riƙo a kewayen zanen kafin ya shiga aiki. A gwada wannan ɗinkin a ƙyalle tukuna, domin wani satin ɗin ramin allura ba ya rufewa a jikinsa. In haka ne, a matso da shi inda aiki zai rufe.

In ba makawa sai yadin ya shiga firem, a naɗe zoben ciki da tsirin ƙyallen auduga, a sassauta sukurun kafin a danna, kuma da an gama a cire nan take. Kada ya kwana a ɗaure. Masu firem na maganaɗisu sun huta da rabin wannan wahalar.

To aikin da sai an ɗaura sau biyar ko shida, ta yaya zai haɗu ba a ga mahaɗa ba?

Kada a yanka riga sannan a kawo aiki. A zana fasalin, a bar rara a kowane gefe, a yi aiki, sannan a yanka, saboda aiki mai yawa yana cin yadi. Ragar gam kuma a manna ta falle ɗaya a duk faɗin wurin tun farko. In kowane ɗauri da nasa guntun, kowane wuri zai ja ta fuskarsa.

A buga zanen a takarda daidai girmansa, a jera a kan yadin a tebur, a sa alamar gicciye a tsakiyar kowane ɗauri. Ni da zare nake sa alamata, ko da alli ta baya. Fil kuwa sai a cikin rarar da za a yanke. A fara daga tsakiya a fita gefe, don duk ɗan kumburin da ya taso ya samu hanyar fita. Layin gicciyen ya bi tsayin saƙa. In ya karkace, satin yana miƙewa ta kusurwa, fure ɗaya zai fito dogo ɗaya gajere. Ɓangarorin riga kuma duk su fuskanci gefe ɗaya, domin sheƙin satin yana sauyawa in an juya shi, a hoton biki sai a ga kamar yadi biyu ne.

Sai nauyi. Zanen gado da ke reto daga bakin keke yana jan firem duk lokacin da ya motsa. A jawo tebur kusa, a naɗe rarar, a sa yaro ya tsaya a kai yana kallo kada gefe ya shige ƙarƙashin allura.

Allura da zare da gudun keke fa?

Sabuwar allura mai tsini, lamba 75/11, ko 70/10 in yadin siriri ne. Wadda ta dakushe tana kama dogon zaren sama ta ja shi, layi ya bi yadin har ƙasa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Zare lamba 40 ya isa. Keken da ke gudun suka 800 zuwa 1,000 a minti, a sauke shi zuwa 500 ko 600. A juya gwaji a duba baya: zaren kwarkwaro ya zama kashi ɗaya cikin uku a tsakiya, na sama a gefe biyu. In an matse zare fiye da haka, ko wace shimfiɗa aka sa sai ya tattare.

Ko laifin zanen ne?

Sau da yawa. Zanen da aka tsara don wuyan kaftani na shadda cike yake dam, tazarar layukansa wajen milimita 0.4. Satin yana son a buɗa ta kaɗan, a rage manyan wuraren cikewa, a bar yadin ya nuna kansa. Ai don sheƙinsa aka saye shi. Sannan fayil ɗin DST, tsarin kamfanin Tajima da yawancin kekunanmu ke karantawa, wuraren suka kawai yake ɗauke da su. In ka rage girmansa a kan keke, yawan sukan yana nan, sai su cushe. In ka ƙara, su wage. A koma wa mai tsara zanen, a gaya masa satin ne.

In an ɗauke wuta ana tsaka da aiki?

Kada a taɓa firem. Yawancin kekunan suna riƙe inda suka tsaya. In wuta ta dawo ko an tayar da janareto, a koma baya suka kaɗan a ci gaba. A rufe yadin da ƙyalle mai tsabta kafin nan, balle da hunturu. A lokacin ma kaushin hannu kaɗai yana figar zaren satin, mai kuma yana bar masa tabo, don haka a wanke hannu a goge. In an sa wa keke mai, a fara ɗinka wani ƙyalle kafin a ɗora kayan mutane.

Guga tana gyara wanda ya riga ya tattare?

Kaɗan take ragewa. A kifa aikin a kan tawul, a ɗora farin ƙyalle, a danna a ɗaga, ba a goga ba. Ɗigo ɗaya a jikin dutse zafin digiri 110 ne, biyu 150, uku 200. Satin na roba kada ya wuce biyu, gara ma a fara da ɗaya. Dutsen gawayi ba shi da ma'auni, a bar wa shadda. Haka ma bugu: mabuga gwanaye ne a kan shadda, amma satin mai aiki ba ya zuwa wurinsu.

Ni mai kawo ɗinki ce, me zan yi daga nawa ɓangaren?

Hajiya, in kin shiga Kwari ki ƙara rabin yadi a kan abin da tela ya ce, daga bandir ɗaya, don gwaji. Ki ce a fitar miki da fure ɗaya a kai, a cire daga firem, ki shimfiɗa a tebur ki gani da idonki, ki juya baya ki ga abin da aka sa a ƙasa. Kuma ki kawo shi da wuri. Zanen gado mai ɗauri shida a rage gudu ba aikin yini ɗaya ba ne, kuma in azumi ya raba tsakiya kowane keke a Fagge kayan Sallah ne a kansa.