Tiyatar wuni ɗaya, hoton CT da yadda ake biyan asibitoci

Me ya sa yanzu ake yi wa mutum tiyata da safe, a sallame shi da yamma?

Fasaha ce ta fara buɗe ƙofar. Magungunan sa barci na zamani irin su propofol suna sakin majiyyaci da wuri. Sannan ga tiyatar ƙananan huda, wadda ake zura kyamara a ciki maimakon a tsaga ciki. Likita Erich Mühe na Jamus ne ya fara cire matsarmama ta wannan hanya a 1985. Aikin da a da ke kwantar da mutum kwana da kwanaki, yau sau da yawa ko kwana ɗaya ba a yi. Haka ma cire yanar ido.

To ina ruwan kuɗi a ciki?

A ganina nan ne gizo ke saƙar. A Amurka, kafin 1983, shirin Medicare na inshorar tsofaffi yana biyan asibiti gwargwadon abin da ya kashe, don haka kowane ƙarin kwana ƙarin kuɗi ne. A shekarar aka kawo tsarin DRG: kowace cuta da farashinta ƙayyadadde, ko majiyyaci ya kwana biyu ko goma. Nan take gado ya tashi daga hanyar samu ya koma hanyar asara. Abin lura kuma, wannan ƙayyadewa ba ta shafi waɗanda ba a kwantar ba, sai a shekarar 2000. Asibitoci kuwa ba sa barci, suka karkata ayyuka da dama zuwa can. Cibiyoyin tiyata masu zaman kansu ma suka yawaita. Ta farko an buɗe ta a birnin Phoenix na Amurka a 1970, Medicare ya fara biyansu a 1982.

Hoton CT da MRI fa?

An ɗauki hoton CT na majiyyaci na farko a Landan a 1971 da na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. Amfanin CT da MRI, na'urorin da ke ɗaukar hoton cikin jikin mutum, ba ya ɓuya. Sai dai inda ake biya kan kowane hoto, na'ura mai tsada ba ta zama haka nan. Japan ce ke kan gaba a yawan waɗannan na'urori idan aka kwatanta da yawan jama'a. Amurka kuwa sai da ta yi doka a farkon 2006 don rage kuɗin hotunan da ake ɗauka a ofisoshin likitoci. CT yana amfani da haskoki masu illa idan sun yi yawa, MRI ba ya amfani da su.

Sallamar gaggawa ba ta da haɗari?

Ga wanda aka tantance da kyau, ba ta da wani ƙarin haɗari mai yawa, har tana rage masa kamuwa da ƙwayoyin cutar asibiti. Amma jinyar ba ta ɓace ba, gida ta koma. Tun 2018 Medicare ya yarda a yi dashen gwiwar roba ba tare da kwantarwa ba, kuma dattijon da ke zaune shi kaɗai dole a tambayi wa zai kula da shi a daren farko kafin a sa hannu a takardar sallama.