Wai mene ne jakuzi, kuma me ya raba shi da bahon gini?

Yanzu da wuya ka ji tallan gida a rediyo, ko ka ga dillali yana zagaya sabon gini da wayarsa a TikTok, bai ce "banɗakin maigida har da jakuzi" ba. Yana tura ƙofa sai ka ga bulo ne birkila ya tayar a kusurwa, aka lulluɓe shi da tayil, aka sa famfo a kai. Wannan ba jakuzi ba ne. Abin yana ci mini rai, domin da wannan sunan ake tsuga wa mai saye kuɗi.

Jacuzzi sunan dangi ne. 'Yan'uwa bakwai ne 'yan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya ta Amurka, suka kafa kamfani a Berkeley a 1915. Farfelar jirgin sama suka fara ƙerawa, daga baya suka koma injinan jawo ruwa na ban ruwan gonaki. Ciwo ne ya kai su banɗaki, ba ƙawa ba. Ɗaya daga cikinsu, Candido, yana da yaro da ya kamu da amosanin gaɓoɓi tun yana ƙarami, kuma ruwa mai motsi da ake sa shi a ciki a asibiti yana rage masa zogi. Sai uban ya ƙera ɗan inji da za a tsoma cikin bahon gida ya riƙa kaɗa ruwan. A 1956 aka fara sayar da shi. A 1968 Roy Jacuzzi ya fito da baho mai inji da bututu a jikinsa, yana feso ruwa ta ƙananan kafofi a gefe.

To ka ji inda maganar take: inji, kafofin feshi, da wutar lantarki. Ban ƙi a kira bahon feshi na wani kamfani jakuzi ba, ai kowane dunƙulen miya Maggi muke ce masa. Amma ba wanda zai miƙo maka gishiri ya ce Maggi ne.

Abin da dillalin ke nunawa bahon gini ne, kuma a ganina ba ya buƙatar aron suna. In an yi shi da kyau ya fi na roba dacewa da ɗaki, don kai ke zaɓar tsawo da zurfi, har da dakalin zama ga dattijo. Sai dai aikinsa ya fi yadda ake zato wuya. Tayil ba ya tsare ruwa shi kaɗai. Ta layin simintin da ke tsakanin tayil da tayil ruwa ke silalewa. Dole a shafe kankaren da maganin hana yoyo kafin a ɗora tayil, a bi kusurwoyi da bakin magudana sosai, sannan a toshe, a cika shi da ruwa, a bar shi ya kwana a ga ko ya ragu. Wanda ya tsallake wannan a bene, silin ɗin falo ne zai ba shi labari: tabo mai ruwan ƙasa, fenti yana ɓarewa, ɗaki yana warin danshi.

Ƙasan bahon kuma sai an ɗan karkata shi wajen magudana, in ba haka ba ruwa ya kwanta, gansakuka ta kama. Tayil mai sheƙi da mutane ke so shi ne mai kayar da tsoho in sabulu ya taɓa shi. Ƙanana masu kaushi sun fi riƙe ƙafa, kuma sun fi bin lanƙwasa. A bar 'yar ƙofa a gefe, don ranar da bututu ya toshe kada mai gyaran famfo ya zo da guduma.

Sai ruwa. Baho madaidaici yana cin kusan lita 150 zuwa 200, wato jarka shida zuwa takwas mai lita 25, a wanka ɗaya. Kankare da tayil kuma suna shanye ɗumin ruwa da wuri, balle da sanyin hunturu. A unguwar da 'yan garuwa ne ke kawo ruwa, yawancin irin waɗannan bahon bokiti ake ajiyewa a cikinsu a yi wanka da moɗa.