Ma'anar "Windows orijinal", da yadda ake baro na kirak a koma kansa

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta a yi mata fomatin ya san tambayar nan ta masu gyara: "Yallaɓai, orijinal za a sa ko a yi mata kirak?" Kirak shi ne a yi wa Windows dabara ya yi aiki ba tare da an biya kuɗin lasisi ba. Sau da yawa ma ba a tambaya. Ana sa abin da ya sawwaƙa, a miƙo maka kayanka, sai bayan wasu watanni ka ga wani rubutu dishi-dishi ya maƙale a kusurwar ƙasa ta hannun dama yana cewa "Activate Windows", ko kuma wani saƙo ya riƙa faɗo maka cewa lasisinka ya kusa ƙarewa.

Kalmar orijinal daga kasuwar kaya muka ɗauko ta, kuma a nan ruɗanin yake farawa. Cajar waya orijinal da ta jabu abu biyu ne daban, ko a hannu ka ɗaga za ka ji bambancin nauyi. A Windows ba haka abin yake ba. Wanda mai gyara ya sa maka yana iya zama ainihin wanda Microsoft ya fitar, ko harafi ɗaya bai sauya ba, domin kamfanin da kansa ya ajiye shi a shafinsa na intanet, kowa ya sauke kyauta. Abin da ake sayarwa shi ne izinin amfani da shi, wato lasisi. Kamar rumfuna biyu ne a layi ɗaya na kasuwa, gini iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya: mai wannan yana da takardar hukumar kasuwa, mai waccan kuwa kwaɗo ya fasa ya shiga. Saboda haka idan aka ce Windows ɗinka orijinal ne, ana nufin yana da lasisi na halal, kuma Microsoft ya tantance shi.

Wannan tantancewar ita ce ake kira aktibeshan. Tun daga Windows XP a 2001 aka fara ɗora ta a kan masu saye na gida. Mabuɗinta haruffa ne da lambobi guda 25, an raba su gida biyar, kowane gida biyar-biyar. Kwamfuta na aika mabuɗin ga kamfanin tare da wata shaida ta kayan cikinta, musamman babban allon da masu gyara ke kira madabod. Idan komai ya yi daidai, an gama. Daga Windows 10, wanda ya fito a Yulin 2015, kamfanin yana riƙe wannan shaidar a wurinsa. Shi ya sa kwamfutar da ta taɓa samun lasisi na halal, ko an goge ta tas an sake sa irin Windows ɗin da take da shi, da ta hau intanet za ta tantance kanta ba tare da an buga ko lamba ɗaya ba.

Lasisin kansa iri uku ne. Akwai wanda mutum ke saye da kansa, a kwali ko a shagon Microsoft na intanet; wannan naka ne, kana iya cire shi daga tsohuwar kwamfuta ka mayar kan sabuwa, muddin ɗaya kawai ke amfani da shi. Farashinsa a Amurka dala 139 ne ga Windows 11 Home, wato na gida, na Pro, wato na masu sana'a, kuma kusan dala 200, kuɗin da a wurinmu kan kai rabin kuɗin kwamfutar gwanjo ko ma fiye. Akwai wanda kamfanonin ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo ke biya tun daga masana'anta, ana kiransa OEM. Shi a jikin injin yake, tare suke rayuwa tare suke mutuwa. Na uku shi ne na sari, wanda bankuna da jami'o'i da manyan ma'aikatu ke saye don ɗaruruwan kwamfutocinsu.

Ta ƙofar wannan na ukun yawancin kirak ke shigowa. Tun zamanin Windows Vista, Microsoft ya ba manyan ma'aikatu damar kafa uwar garkensu ta cikin gida, wato babbar kwamfutar da sauran ke tuntuɓa, mai suna KMS, wadda ke tantance kwamfutocin ma'aikata. Tantancewarta ta kwana 180 ce, kuma kowace kwamfuta kan koma wurinta duk mako ta sabunta. Manhajar kirak irin su KMSPico tana kafa uwar garke ta ƙarya a cikin kwamfutarka, ta sa Windows ya ɗauka yana ofishin wani babban kamfani ne. Idan wani abu ya share manhajar, kwana 180 ɗin suna cika rubutun nan ya dawo, kai kuma ka sake ɗaukar jaka zuwa shagon gyara.

Dawowar rubutun ba ita ce ta fi damuna ba. Kafin kirak ya zauna, dole a kashe antibairos ɗin Windows, ko a umarce shi ya kau da kai daga wani fayil, sannan a ba manhajar cikakken iko a kan injin. Ka tsaya ka duba abin da aka yi: manhajar da ba ka san wanda ya rubuta ta ba, wadda aka kwafo daga filashin da ya shiga kwamfutoci ɗari kafin taka, ita aka damƙa wa mabuɗin kowane ɗaki, aka kuma sallami maigadi. An ba kura ajiyar nama ke nan. A ƙarshen 2021 kamfanin tsaron kwamfuta Red Canary ya bayyana yadda ake cusa wata muguwar manhaja mai suna Cryptbot a cikin KMSPico, tana kwashe kalmomin sirri da aka ajiye a burauza da bayanan asusun kuɗin kirifto. Ba kowane kirak ne ke ɗauke da irin wannan ba, amma mai kwamfutar ba shi da hanyar bambancewa, mai gyaran ma galibi ba shi da ita. A kan wannan injin kuma ake shiga banki, ake cike fom ɗin JAMB, ake ajiye hoton katin NIN da na iyali.

Bara ƙanwata ta kawo mini kwamfutarta, ThinkPad ta gwanjo da ta saya don rubuta furojet. Ta ce, "Yaya, ka taimaka mini, abin nan ya sake fitowa, kuma sau biyu ke nan ina biya a cire shi." Na buɗe Command Prompt, baƙin akwatin nan da ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta slmgr /xpr, sai ga ɗan akwati ya fito da ranar da tantancewar za ta ƙare. Na sake rubuta slmgr /dlv, na ga kalmar VOLUME_KMSCLIENT, alamar cewa ta hanyar KMS aka tantance ta. Ɗaliba a ɗakin kwanan ɗalibai ba ta da uwar garken kamfani, don haka ba sai an faɗa ba. Muka kwashe takardunta a wani faifai, muka sauko da Windows daga shafin Microsoft zuwa filashi, muka goge injin gaba ɗaya. Wurin sawa ko tambayar mabuɗi bai yi ba. Muna haɗa ta da intanet ɗin wayata, shafin Activation ya nuna an tantance ta da lasisin dijital. Ta yi shiru tana kallon allon, can ta ce, "Wato dama ina da shi?"

Tana da shi tun ranar da ta sayi kwamfutar. Daga Windows 8 a 2012, kamfanonin ƙera kwamfuta sun daina liƙa mabuɗi a takardar nan mai ƙyalli da ke ƙarƙashin injin, suka koma binne shi a cikin madabod. Kwamfutocin gwanjon da ke shigowa ta Computer Village a Ikeja su bazu har Titin Beirut a Kano, da yawansu tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne, EliteBook da Latitude da ThinkPad, kuma irin waɗannan galibi da lasisin Pro aka ƙera su. Abin da ke faruwa shi ne mai gyara yana da filashi ɗaya da yake sa wa kowa, sau da yawa da kirak ɗinsa a haɗe. Wani lokacin kuma injin na da lasisin Home ne, aka ɗora masa Pro, mabuɗin bai dace ba, sai a rufe ɓarakar da kirak. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ban ɗauki yawancin masu gyara a matsayin macuta ba. Haka suka koya a wurin iyayen gidansu, kuma mai kaya yana tsaye a kansu yana sauri. Amma aikin minti biyu ne a duba kafin a fasa.

To, wanda ya gano nasa na kirak ne, yaya zai koma? Hanya biyu ce. Ta kusa ita ce ya shiga Settings, ya nemi Activation, ya danna "Change product key" ya buga mabuɗi na halal. Wannan na aiki idan mabuɗin ya dace da irin Windows ɗin da ke kai. Mabuɗin Home ba ya tantance Pro. Takardu da manhajoji duk suna nan yadda suke. Sai dai sabon mabuɗi lasisi kawai yake gyarawa, ba ya korar abin da kirak ya shigo da shi. Ƙofofin da aka buɗe suna nan a buɗe, umarnin da aka ba antibairos na kau da kai yana nan. Balle idan Windows ɗin kansa irin wanda aka yi wa kwaskwarima ne, waɗanda ake yi wa laƙabi da "lite", an cire musu sassa har da na karɓar sabuntawa. Ni dai ba na ba kowa shawarar wannan hanyar in har yana shiga banki da injin.

Hanya ta biyu ita ce wadda muka bi da ƙanwata: a kwashe takardu da hotuna, a samu filashi mai aƙalla gigabait 8, a sauko da Windows daga shafin Microsoft kaɗai, a goge a sa sabo. Tana cin data, tana cin yini guda, kuma tana son wuta tsayayya ko batiri mai rai, don haka a zaɓi lokacinta. Idan ya tambayi mabuɗi, akwai wurin da za a danna a ce babu, a ci gaba. A jira a hau intanet a gani ko injin na da lasisinsa kafin a kashe ko kwabo. Bayan an gama a sauya kalmomin sirri na imel da banki da Facebook, domin ba a san wanda ya riga ya gan su ba. Kada kuma a dawo da Office na kirak a kan sabon Windows, an gudu ba a tsira ba ke nan. LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel.

Idan an duba injin ba shi da lasisi, sai maganar saye. A nan a yi hattara da mabuɗan da ake tallatawa a intanet a kuɗin da bai wuce na kwanon abinci ba. Yawancinsu daga lasisin sari na wata ma'aikata aka tsinto su ana sayar wa mutane barkatai, abin da yarjejeniyarsu ta hana. Suna iya aiki yau, gobe kamfanin ya toshe su. Ganin kalmar "activated" a allo ba shi ne shaidar halacci ba. Shaida ita ce inda ka saya da rasit ɗinka. Wanda bai da hali yanzu, gara ya bar Windows ɗin haka nan ba tantancewa: rubutun kusurwa zai zauna, za a hana shi sauya hoton bango da launuka, amma injin zai yi aiki kuma zai ci gaba da karɓar sabuntawar tsaro, muddin Microsoft bai daina tallafa wa irinsa ba. Wannan ba lasisi ba ne, zaman jira ne, amma ya fi kirak aminci nesa ba kusa ba.

Akwai kuma ɓangaren haƙƙi, wanda ba na so a mayar da shi abin wasa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ke karewa. Ɗalibin da aka sa wa kirak bai sani ba daban yake da makaranta ko kamfanin da ke da kwamfuta talatin yana neman kuɗi da su, ya kuma san abin da ke kansu.

Wani abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗin lasisi shi ne shekarun injin. Microsoft ya tsayar da tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 yana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, wadda a ɓangaren kamfanin Intel galibi daga zubi na takwas (8th Gen) take farawa. Tsohon mabuɗin Windows 7 da ke liƙe a ƙarƙashin injin ma ya daina buɗe sabon Windows tun 2023. Kwamfutar da ba ta kai matakin Windows 11 ba, sayen mata lasisi asarar kuɗi ce. Irinta na fi son a sa mata Linux Mint ko Ubuntu, manhajojin da ke maye gurbin Windows, waɗanda lasisinsu kyauta ne tun asali, suna buɗe intanet, suna buga takarda, kuma suna tafiya da sauƙi a kan injin da ya kwana biyu. Ana iya gwada su daga filashi, a ga ko firinta da Wi-Fi suna aiki, kafin a goge komai.