Foraj nawa ne ke ba da ruwa a watan Afrilu? Tambayoyi da amsoshi kan tsara ruwa a ƙananan hukumominmu

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Marwa, a arewacin Kamaru, ya ga kogin Mayo Kaliyawo ya koma yashi zalla, mata da yara na tona ramuka a cikinsa suna kwarfar ruwa da ƙwarya, 'yan ga-ruwa na tura baro cike da jarkoki. Kafin wata huɗu, mayon nan ya cika ya batse, wani lokaci har ya ci gidaje. Tsakanin wannan ƙishi da wannan ambaliya akwai ofishi a meri, wato hedkwatar ƙaramar hukuma, wanda aikinsa ke nan ya yi tanadi. Ga tambayoyin da na fi ji a majalisa da bakin masallaci game da wannan aiki.

Malam, ruwan sha aikin wa ne, na Camwater ko na magajin gari?

Na dukansu ne, amma kowa da iyakarsa. Dokar ruwa ta Kamaru ta 1998 ta ce ruwa dukiyar al'ummar ƙasa ce baki ɗaya, gwamnati ce ke kula da shi. A biranen da aka shimfiɗa bututu, irin su Garwa, Marwa da Kuseri, kamfanin Camwater ne ke da alhaki. An kafa shi a 2005, kuma tun 2018 shi ke riƙe da tacewa da rabawa gaba ɗaya. Inda bututu bai kai ba, wato ƙauyuka da unguwannin bayan gari, an miƙa aikin rijiyoyi da foraj (rijiyar burtsatse) ga ƙananan hukumomi tun 2010, dokar raba iko ta 2019 kuma ta ƙara tabbatar da haka. Wakilin ma'aikatar ruwa da makamashi yana duba ingancin aiki, amma in famfon ƙauyenku ya mutu, ƙofar meri za ku ƙwanƙwasa.

To tsari kuma na mene ne? Ba a samu kuɗi a haƙa foraj ba, shi ke nan?

Nan ne muka daɗe muna yin kuskure. Tsari yana farawa da littafi, tun kafin injin haƙa ya iso. Ma'aikacin meri ya hau babur ya zaga kowane ƙauye, ya rubuta kowace rijiya da kowane foraj: wa ya haƙa, yaushe, zurfinsa nawa, wane irin famfo ne a kai, yana aiki ko ya tsaya, in ya tsaya me ya tsayar da shi. Kuma a yi wannan zagaye tsakanin Maris da Mayu. Rijiyar da aka leƙa a Oktoba, bayan damina ta ƙosar da ƙasa, kowacce cike take. A Afrilu ne ake sanin wadda ke riƙe da gari da wadda ta zama rami.

Bayan littafi sai lissafi. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a karkara shi ne lita 20 ga kowane mutum a rana, jarka ɗaya ke nan, ta sha da girki da ɗan wanka. A ce ƙauye na da mutum 1,500. Suna buƙatar lita 30,000 kullum. Famfon hannu mai lafiya, in ana buga shi daga asuba zuwa magariba, abin da zai bayar bai wuce lita dubu bakwai zuwa takwas ba. Ashe famfo huɗu suke buƙata, wataƙila biyar. Yanzu a ƙara shanu 400 da ke sauka wajen da rani, kowace saniya na shan kamar lita 30: ga wata lita 12,000 da babu wanda ya sa a takarda. Ƙauyen da aka rubuta "yana da foraj biyu, an gama da shi" mata na kwana a layi a cikinsa.

Akwai kuma matsalar yawan mutanen kansa. An shafe shekaru ana dogara da ƙidayar 2005, alhali garuruwa irin su Mora, Kolofata da Mokolo sun karɓi ɗimbin waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, ga sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013 domin 'yan gudun hijira daga Najeriya. Mai tsari nagari yakan zauna da lawan da jauro ya ƙidaya gidaje da kansa. Duk wannan ne ya kamata ya shiga kundin raya ƙaramar hukuma, wanda shirin gwamnati na raya ƙasa, PNDP, ya taimaka wa kusan kowace meri ta rubuta. Kundin na da amfani in ana sabunta babin ruwansa kowace shekara.

Me ya sa ake haƙa wa wani ƙauye a samu ruwa, maƙwabcinsa a haƙa ya fito busasshe?

Ƙasar ce ba ɗaya ba. A duwatsun Mandara, ƙarƙashin ƙafarka dutse ne mai tauri, ruwa yana ɓoye ne a tsagoginsa kawai. In injin ya kauce wa tsagar da 'yan taku, sai a yi ta nutsawa ana fitar da ƙura. Shi ya sa ake awon ƙasa da na'urar lantarki kafin a haƙa, kuma ko da awon ba kullum ake dacewa ba. A filayen Logon da Shari kuwa yashi ne da yumɓu shimfiɗe, ruwa na nan kusan ko'ina, sai dai na saman yakan gurɓata da wuri. Tsarin da ya ware kuɗi iri ɗaya ga Mokolo da Yagwa bai kalli ƙasa ba.

A kan duwatsu mutane sun daɗe da wata dabara da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta: ƙananan shingayen dutse da ake ginawa a cikin kwazazzabai, waɗanda ake kira biyef. Suna rage gudun ruwan sama, ya samu ya nutse, rijiyoyin da ke kusa su ƙara makonni kafin su ƙafe. Ba a yin bikin buɗe su, amma suna aiki.

Samun ruwa ma ba shi ne ƙarshen magana ba. A wasu sassan kwarin Mayo Tsanaga, musamman wajen garin Meri, ruwan ƙasa na ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, shi ne ke rina haƙoran yara ya kuma raunana ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita. Kada magajin gari ya sa hannu ya karɓi foraj sai an kawo masa takarda biyu: ta gwajin yawan ruwan da yake bayarwa cikin awa, da ta ɗakin gwaji.

Famfunan nan me ya sa ba sa shekara uku sai su mutu?

Famfo inji ne, ana buga shi sau dubbai a rana, dole robobinsa su cinye, sarƙarsa ta saki. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ke kashe shi shi ne ranar da ya tsaya babu kuɗi a akwati, babu makaniki a kusa, babu inda za a sayi kayan.

Na taɓa zuwa wani ƙauye inda famfo ya yi kusan shekara a tsaye. Da aka zaro shi, ƙaramar roba ce ta yage, kuɗinta bai kai na buhun dawa ba. A tsawon wannan lokaci mata sun koma tafki, yara na ta gudawa, kuma sunan ƙauyen na cikin jerin masu neman sabon foraj na miliyoyin sefa. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, domin an kafa kwamitin kula da famfon ranar buɗewa, aka ɗauki hoto, daga nan babu wanda ya sake komawa ya tambaye su asusu.

Aikin meri a nan bayyananne ne. Ta san kowane kwamiti, ta duba littafinsa ko da sau biyu a shekara, ta tabbatar mata na ciki kuma suna riƙe da kuɗi, tunda su ne ke fara gane sautin famfo ya canza. Ta ɗaure yarjejeniya da makanikai, kowane da yankinsa da farashin da aka sani. Ta kuma taƙaita irin famfunan da ake kafawa. In wannan ƙungiya ta kawo India Mark II, waccan ta kawo Vergnet mai takawa da ƙafa, wata ta zo da nata daban, babu ɗan kasuwar da zai ajiye kayan gyaran duka. Inda ruwa ke cin ƙarfe kuma, a sa bututun roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa tun farko. Na'urar hasken rana da shato, wato tankin ruwa na sama, ma haka suke: sun sauƙaƙa wa mata, amma in babu mita da mai gadi da asusu, gyaransu ya fi na famfon hannu tsada nesa ba kusa ba.

Amma ruwa na Allah ne. Ya halatta a karɓi kuɗi a bakin famfo?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma masu yin ta suna da hujja, domin hadisi ya ce mutane na tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Sayyidina Usman ma sayen rijiyar Ruma ya yi a Madina ya bar wa jama'a. Abin da kwamiti ke karɓa, dala biyu ko biyar a jarka, ko wani abu a wata daga kowane gida, kuɗin guga ne da igiya na wannan zamani. Wanda ya yi sadaka da foraj yana so ladarsa ta ci gaba da gudana, kuma ba za ta gudana da mataccen famfo ba. Sharaɗi dai a yafe wa gajiyayyu da marayu, a kuma karanta asusun a bainar jama'a. Liman in ya faɗi haka ranar Juma'a ya fi takardar meri tasiri.

Kuɗin manyan ayyukan daga ina suke zuwa?

Daga kasafin jarin gwamnati da ake turo wa ƙananan hukumomi, daga FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi da aka kafa a 1974, daga harajin meri, da kuma ƙungiyoyin agaji. Abin lura shi ne lokaci. In takardun kwangila suka makara har damina ta sauka, ko dai mota ta kasa shiga karal, wato ƙasar laka, ko a haƙa rijiya a tsaya da wuri saboda an ga ruwa, Maris na zuwa ta ƙafe.

Ina makiyaya da masunta a cikin wannan tsari?

In ba sa ciki, tsarin bai cika ba, kuma mun ga abin da hakan ke jawowa. A watan Agusta da kuma Disambar 2021, rikici ya ɓarke a yankin Logon-Birni tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, tushensa ruwan da ke raguwa da ramukan da ake haƙawa don tare ruwa da kifi, waɗanda shanu ke faɗawa ciki. Wutar ta kai Kuseri, dubun dubatar mutane suka tsallaka kogi zuwa Cadi. Maƙwabta ne da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya.

Taswirar ruwa ta ƙaramar hukuma dole ta nuna burtali da mashaya da tafkunan rani, ta nuna watan da garke ke isowa. A ware kwamin shayar da dabbobi nesa da inda mata ke ɗiba. Kuma kada a yanke wurin sabon tafki a ofis. A zauna da lamido ko sultan, da lawan, bulama da arɗo, da shugabannin masunta, a rubuta abin da aka amince, sufurefe, wakilin gwamnati a yankin, ya sa hannu. Zaman da aka yi a Janairu cikin kwanciyar hankali ya fi wanda za a kira bayan an zubar da jini.

Ambaliya fa? Ai wannan ya fi ƙarfin meri.

Wani ɓangarensa ya fi ƙarfinta. Madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 a kan Binuwai, kudu da Garwa, in ta saki ruwa har Yola da Makurɗi sai sun ji. Madatsar Maga ta 1979, wadda ke shayar da gonakin shinkafa na kamfanin SEMRY, ta canza yadda ruwa ke malala a fadamun Waza da Logon. Shari da Logon kuwa su ne ke kawo kusan duk ruwan Tafkin Cadi, shi ya sa Kamaru, Cadi, Nijar da Najeriya suka kafa hukumar tafkin a 1964. Babu magajin garin da ke da mabuɗin waɗannan.

Amma abin da ke hannunsa ba kaɗan ba ne. Wanda ya ga ambaliyar 2012, ko ta 2024 a Yagwa, ya san unguwannin da ruwa ke fara shiga, kuma meri ce ke ba da filin gini. Ita ce za ta yashe magudanai a Mayu kafin ruwan farko. Ita ce za ta hana a haƙa masai ƙasa da mita 30 daga rijiya, domin kwalarar da ta yi ɓarna a Arewa Mai Nisa a 2010 ta irin wannan hanya take bi. A wuraren da ruwa ke kwanciya, a ɗaga dandamalin famfo sama da inda ambaliyar bara ta tsaya, dattawan unguwa za su nuna alamar a jikin bango. In ruwa ya janye kuma, kafin kowa ya jefa guga, a kwashe rijiyar a zuba mata kulorin, a rubuta ranar a cikin littafin.